Jirgin Katako Mai Kilo Biyar da Ya Ƙetare Tekun Atlantika

Da yammacin Asabar, 9 ga Agusta 2003, wajen ƙarfe takwas saura kwata, wasu 'yan mutane suka taru a Cape Spear, wani tudu na bakin teku a tsibirin Newfoundland, inda ƙasar Kanada ta tuƙe ta gabas. Abin da ya tara su wani jan jirgi ne da mutum zai iya ɗagawa da hannu ɗaya. Ko tayoyi ba shi da su. Aka tayar da injinsa, aka cilla shi sama da hannu, mai riƙe da rimot ya yi sama da shi, ya juya hancinsa gabas, sannan ya sakar wa 'yar kwamfutar da ke cikinsa ragama. Ba a jima ba ya ɓace wa ido. Gabansa babu komai sai ruwa har ƙasar Ayalan, kilomita 3,000 da 'yan kai, kusan nisan Kano zuwa Alƙahira.

Mai jirgin, Maynard Hill, dattijo ne ɗan shekara 77. Idonsa ya yi rauni har hukuma ta sa shi cikin jerin makafi, kunnensa ma ya yi nauyi ƙwarai. Wannan ne jirgi na biyar da ya aika cikin tekun nan. Huɗun farko babu wanda ya sake jin ɗuriyarsu, kuma na huɗun jiya-jiya ya tafi.

Masu ba da labarin sun fi tsayawa a kan tsufan mutumin da makantarsa, kuma ba laifi, abin a jinjina masa ne. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sikelin da ke kan teburinsa. Duk wanda ya taɓa zama ya haɗa irin wannan jirgi da hannunsa ya san a nan ake yin ta.

Abin da ke cikin kwali

A Amurka da Turai da Japan akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su zana ƙaramin jirgi, su yayyanka katakonsa, su zuba a dogon kwali su sayar wa mai son ya haɗa da kansa. Mai saye in ya buɗe, abin da zai fara cin karo da shi naɗaɗɗiyar takarda ce mai faɗin tabarma, ɗauke da zanen jirgin a ainihin girmansa. Ƙarƙashinta ga fallayen katako sirara, ga sanduna, ga 'yar leda mai notina da ƙananan ƙarafa. Inji da rimot da ledar rufe jiki, waɗannan daban ake sayensu.

A kan zanen ake yin aikin. A shimfiɗa takardar bisa miƙaƙƙen allo, a rufe ta da leda don kada gam ya kama ta, a kwantar da doguwar sandar da za ta zama ƙashin bayan fiffike, a jera haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya kowanne a kan layinsa, a soke da allura, a ɗiga gam. In allon karkatacce ne, fiffiken ma karkatacce zai fito, kuma ba lalle a gane ba sai ranar tashi, lokacin da jirgin zai dinga rinjaya gefe guda kamar jakin da aka ɗora wa mangala ba daidai ba.

Katakon sunansa balsa. Mafi yawansa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, kuma a wurin masana tsirrai ɗan'uwan rimi da kuka ne. Farce na shiga jikinsa. Wanda ya ƙera motar kara yana yaro, in ya riƙe shi zai tuna da totuwa, sai dai ya fi ta ƙwari nesa ba kusa ba. Yana da wani hali da sabon shiga bai sani ba: falle biyu masu girma ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗaya nauyi. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa yarda da ido. Kowane falle sai sun aza shi a sikeli, mai nauyin ya tafi inda ake son ƙarfi, marar nauyin ya tafi wutsiya. In an gama ƙarangiyar, an goge ta da samfefa, sai a lulluɓe ta da wata leda mai gam a bayanta, a bi da ɗan dutsen guga. Zafi ya sa ta manne, ta tsuke, ta ɗame kamar fatar kalangu.

Masu harkar suna da ajin da suke kira na manya: jirgin da faɗin fikafikansa ya kai inci 80, wato kimanin mita 2, ko wanda ya kai rubu'in jirgin gaske. Ɗauki Piper Cub, rawayan jirgin nan na Amurka da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, wanda fikafikansa suka kai mita 10.7. Rubu'insa mita 2.7 ne, ba ya shiga mota sai an cire fiffike. Amma mai haɗa irin wannan yana da sarari. In hannunsa ya yi nauyi wajen gam, ko ya ƙara fenti, jirgi ya ƙaru da rabin kilo, sai ya sa inji mafi girma. Tashin nasa dai minti goma ne zuwa goma sha biyar, jirgi na gaban idonsa, in inji ya mutu ya sauko da shi a ciyawa.

Jirgin Hill ba daga kwali ya fito ba, shi ya zana abinsa. Sai dai kayan su ne dai: balsa, gam, leda, dutsen guga. Faɗin fikafikansa mita 1.83, tsawonsa mita 1.88, ya ɗan gaza ajin manya. Abin da ya raba shi da Cub ɗin maƙwabci shi ne babu wannan sararin ko kaɗan.

Dokar kilo biyar

Hukumar da ke rajistar bajintar jiragen sama a duniya, FAI, wadda ke da mazauni a birnin Lausanne na Suwizalan, tana da iyaka a kan abin da za ta karɓa a matsayin ƙaramin jirgi idan ana neman kafa tarihi. Nauyinsa har da mai kada ya wuce kilo 5, injinsa kada ya wuce cc 10. Kilo 5 ledar fiya-wata goma ke nan. A cikin wannan nauyin za a fitar da jiki, da inji, da farfela, da na'urorin lantarki, da tanki, da man da zai yi tafiyar kwana ɗaya da rabi.

Ba shi ne jirgi marar matuƙi na farko da ya ƙetare Atlantika ba. A watan Agustan 1998 wani mai suna Laima, ƙirar Aerosonde, ya tashi daga Newfoundland ya sauka a wani tsibirin Sikotilan cikin ƙasa da awa 27. Amma nauyinsa kimanin kilo 13 ne, don haka bai shiga wannan aji ba. Hill ya san da shi sarai. Abin da yake nema shi ne a yi wannan tafiyar a cikin dokar 'yan wasan rimot.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Jirgin babu mai ya auna kilo 2.705. Da aka cika tanki ya auna kilo 4.987, giram 13 kacal tsakaninsa da iyaka. Man ke nan kilo 2.28, kimanin lita 3, kusan rabin nauyin jirgin gaba ɗaya. Raba wannan da awa 39 na tafiya, za ka samu giram 58 a kowace awa, wato kusan giram ɗaya a minti ɗaya. A nan ne abin ya fara yi mini ma'ana. Giram ɗaya na gam da ya yi yawa a kan haƙarƙari, giram ɗaya ne na mai da aka rage, minti ɗaya ke nan na tafiya, fiye da kilomita ɗaya na teku. Giram 60, abin da mai haɗa Cub ba zai ko lura ya ƙara ba, awa guda ce cur. Da wannan idon, rashin tayoyi ba abin mamaki ba ne. Me za a yi da tayoyin da za su yi aikin daƙiƙa biyar a farko da biyar a ƙarshe, a ɗauke su a banza na awa 39, suna kuma tare iska? Aka cilla da hannu, aka tsara ya sauka a kan cikinsa.

Injin da aka koya wa ƙanƙamo

Injin ƙirar kamfanin O.S. ne na Japan, mai bugu huɗu, cc 10 daidai da iyakar doka. Irinsa ana sayar da shi a shago, amma da ƙyar maƙerinsa zai gane shi bayan ya bar hannun Hill.

Abu na farko da ya canza shi ne abin da injin ke sha. Ƙananan injinan jiragen rimot na wancan lokaci yawancinsu man methanol suke amfani da shi, mai saurin tayarwa, mai ba da ƙarfi, amma makamashin da ke cikin kilo ɗayansa bai kai rabin na fetur ba. Ga mai tashin minti goma wannan ba damuwa ba ce. Ga mai ƙirga giram kuwa, ɗaukar methanol tamkar ɗaukar rabin tanki ne. Hill ya koma man Coleman, wani tataccen ɗan'uwan fetur da Amurkawa ke zubawa a fitila da risho na zaman daji, mai ƙonewa ba tare da barin datti sosai ba. Ya gauraya shi da ɗan man shafe inji, kamar yadda ake haɗa wa ƙaramin janareto fetur da baƙin mai. Irin wannan mai kuma sai da tartsatsi yake kamawa, don haka aka sa wa injin fulogi da na'urar ba shi wuta.

Na biyu kafireta. Ya cire ta asali ya sa wata 'yar mitsitsiya da aka ƙera domin injin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Inji irin wannan yana iya juyawa sau 10,000 a minti ɗaya. Shi Hill kimanin 3,800 yake so, da farfelar katako mai faɗin inci 14, wadda ke cizon iska da yawa a kowane juyi. Gudun jirgin in babu iska kilomita 68 ne a awa, gudun babur a kan titi.

Wahalar tana wurin saitin mai, kuma duk bakaniken da ya taɓa murɗa kafireta zai gane ta. Ka buɗe da yawa, inji ya yi daɗin ji amma tanki ya ƙare a tsakiyar teku. Ka tsuke da yawa, inji ya dinga shaƙewa, wata rana da asuba sanyi ya sauko ya mutu. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai kaurin gashi ba, kuma sau ɗaya za a saita, a ƙasa, kafin tashi. Bayan haka babu hannun da zai sake taɓa ta. Ramin da man ke bi ya yi ƙanƙantar da ƙwayar ƙura ɗaya za ta iya toshe shi, don haka sau uku ake tace man kafin ya isa inji. Hill ya ɓata lokaci mai tsawo yana kunna injina a kan teburi, su yi ta kuka awa bayan awa, yana auna abin da suka sha. Aiki ne marar armashi, ba wanda zai ɗauke shi hoto, amma a ganina a nan aka ƙetare tekun tun kafin a je bakinsa.

Akwai kuma maganar inda za a ajiye tanki. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa ke daidaita, galibi wajen rubu'i zuwa sulusin faɗin fiffike daga gaba. Mai haɗa jirgi yakan tallafe shi da yatsu biyu a nan ya ga ko zai tsaya. In hanci ya rinjaya, jirgi zai tashi amma da taurin kai. In wutsiya ce ta rinjaya, sai dai a zo da buhun kwasar katako. A jiragen kwali tanki a hanci yake, bayan inji, kuma da yake man kaɗan ne, ƙarewarsa ba ta canza abu mai yawa. A jirgin da kusan rabinsa mai ne kuwa, in aka sa tanki a hanci, zai tashi da nauyin gaba ya ƙare da nauyin baya. Hill ya zaunar da tankinsa daidai kan wurin daidaiton, ta yadda ko cike yake ko ya kusa ƙafewa, jirgin bai san bambanci ba sai dai ya ji ya yi sauƙi.

Wutar lantarki ma haka. Batirin da zai riƙe kwamfuta da fulogi na awa 39 zai cinye nauyin mai. Sai aka haɗa wa injin ɗan janareto a jikinsa, yana juyawa yana ba da wuta.

Tuƙin tsakiyar teku aikin wata na'ura ce da Joe Foster, ɗaya daga cikin abokan aikin, ya tsara. Tana karanta GPS, tana bin wuraren da aka rubuta mata ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe jirgin a tsayin kimanin mita 300, sama da jiragen ruwa, ƙasa da manyan jiragen sama. Labarinsa kuma yana zuwa ta Argos, tsarin taurarin ɗan'adam na haɗin gwiwar Faransa da Amurka, wanda masana ke amfani da shi wajen bin sawun tsuntsaye da kunkurun teku. Saƙon ba ya zuwa kowane lokaci, sai tauraro ya gifta. Kuma hanya ɗaya ce: suna iya jin inda yake, ba su iya ce masa komai.

Huɗu sun tafi

Hill ba sabon shiga ba ne. An haife shi a 1926 a jihar Pennsylvania, ya karanta ilimin ƙarafa, ya yi shekaru yana aiki a ɗakin binciken Jami'ar Johns Hopkins a Maryland. Tun 1963 ya fara kafa tarihin duniya da ƙananan jirage. A 1970 ya kai ɗaya tsayin da ya haura mita 8,000, a 1992 kuma ya riƙe wani a sama fiye da awa 33. Wannan na 1992 shi ne tsanin da ya taka: in inji zai iya awa 33 yana kewaya fili ɗaya, me zai hana a miƙe hanyar?

Shi da abokansa suka kafa ƙungiya mai suna STAR, suka sa wa jerin jiragen lakabin TAM, wato ƙaramin jirgi mai ƙetare Atlantika a taƙaice da Turanci. Ya haɗa fiye da ashirin da hannunsa kafin a kai ga wanda ya yi nasara, da idon da ba ya ganin layin zane sosai. Yakan zuba jan launi a cikin gam domin ya ga inda ya ɗiga. Ana gwada su a gonar wani dattijo mai son jirage, Beecher Butts, a Maryland, kuma daga nan jirgin ya samo sunansa, Spirit of Butts' Farm.

A watan Agustan 2002 suka tafi Newfoundland. TAM 1 bai yi nisa ba ya faɗa ruwa. TAM 2 injinsa ya mutu tun ba a cika minti ashirin ba. TAM 3 ya yi kusan mil 480, ya shiga hadari, shi ke nan. Suka tattara suka koma gida. Da shekara ta zagayo suka dawo, ranar 8 ga Agusta 2003 suka saki TAM 4, ya yi kimanin mil 430, labarinsa ya yanke.

Abin da ya fi ciwo a irin wannan asara shi ne babu gawa. Mai jirgin kwali in nasa ya faɗi, yakan je ya tsince shi, ya ga wayar da ta tsinke ko gam ɗin da ya saki, gobe ya gyara. Waɗannan kuwa sai dai hasashe daga 'yan lambobin ƙarshe da tauraro ya kawo. Ga shi kuma ba kullum iska ke ba da dama ba. Iskar arewacin Atlantika daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, shi ya sa aka zaɓi wannan fuskar, amma sai an dace da kwanakin da take bayan jirgi kuma babu hadari a hanya. Da aka ga damar ba ta rufe ba, washegarin ɓatan TAM 4 aka saki TAM 5.

Dare biyu a kan ruwa

Hanyar tana da tarihi. A watan Yunin 1919 John Alcock da Arthur Brown suka tashi daga St. John's, 'yan kilomitoci daga Cape Spear, a cikin jirgin sama ƙirar Vickers Vimy, suka sauka a wata fadama kusa da garin Clifden na Ayalan bayan kimanin awa 16. Su ne suka fara ƙetare Atlantika a jirgin sama ba tare da yada zango ba. Kusa da Clifden ɗin nan aka nufa da TAM 5. Sakinsa da yamma ma lissafi ne: in ka ƙara awa 36 zuwa 39 a kan lokacin, za ka ga zai isa Ayalan da rana tsaka, lokacin da mai sauke shi zai iya ganinsa.

Daren farko ya wuce, jirgi na tafiya. Ranar Lahadi lambobin da ke zuwa suka fara tayar da hankali. Juyin injin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka, jirgin ma yana 'yan sama da ƙasa. Iskar bayan da ake sa rai kuma ba ta zo da ƙarfin da aka zata ba. Kowace awa da aka ƙara a hanya giram 58 ce daga tankin da ba shi da rara.

Sai kuma a dare na biyu labari ya yanke gaba ɗaya. Awa ɗaya shiru, awa biyu shiru, har kimanin uku. Mutanen da suka ga irin wannan shirun sau huɗu ba sa bukatar a fassara musu shi. Har an fara sallamawa, sai saƙo ya dawo: jirgin na nan, yana kan hanya, injinsa na juyawa. Matsalar ta isowar saƙo ce, shi bai san ma ana nemansa ba.

Daga nan tambaya ta koma ɗaya tak, wa zai riga wani, tudu ko ƙarshen tanki. A lissafin Hill man ya kamata ya ƙare kafin ko daidai lokacin isowa. Abin da ya cece su, ga dukkan alamu, shi ne abin da ya tsorata su ranar Lahadi: injin ya ɗan fi tsukewa fiye da yadda aka nufa, yana shan ƙasa da kasonsa, shi ya sa yake tangal-tangal. Da saitin ya fito yadda aka so shi daidai, mai yiwuwa da ya faɗi ana hango gaɓa.

A Mannin Beach, kusa da Clifden, Dave Brown na jira da rimot a hannu. Shi ne shugaban ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, AMA, a lokacin, kuma gwani ne a gasar tuƙi. Jim kaɗan bayan ƙarfe biyu na ranar Litinin, 11 ga Agusta, aka hango ɗigo a sama daga yamma, a inda kwamfuta ta ce zai ɓullo. Brown ya karɓi ragama, ya kashe injin, ya zagayo da shi ya kwantar da shi a kan cikinsa kusa da wurin da aka ayyana tun farko. Hill yana can Newfoundland, ta waya ya ji.

Lokacin tafiya awa 38 da minti 52 da daƙiƙa 19. Nisa kilomita 3,028. In ka raba, kilomita 78 ne a awa, wato iskar baya ta ba da gudummawar kusan goma a kowace awa, kuma ba don ita ba man ba zai kai ba. Da aka zazzage tankin, abin da ya rage kimanin giram 50 ne, bai kai na awa ɗaya ba.

FAI ta karɓi bajinta biyu, ta nisa a miƙe da ta daɗewa a sama. Amma akwai ƙorafin da ba zan ce ba shi da tushe ba. Jirgin da ɗan'adam ya tuƙa na 'yan mintoci a farko da 'yan mintoci a ƙarshe, kwamfuta ta yi sauran, anya jirgin rimot ne? Wanda ya tsaya a rana awa da awanni da rimot a hannu yana neman nasa tarihin yana da haƙƙin ya yi wannan tambaya, kuma daga baya hukumar ta ware wa masu tuƙa kansu nasu aji. Ni dai ina ganin rabuwar ta yi daidai, ba tare da ta rage wa Hill komai ba. Kwamfutar ta riƙe hanya, gaskiya ne. Amma ba ita ta auna fallayen balsa ba, ba ita ta zaɓi man fitila ba, kuma da jikin ya fi haka nauyi da giram 60, da ta tuƙa shi cikin ƙwarewa har zuwa inda zai nutse.

Maynard Hill ya rasu a watan Yunin 2011 yana da shekara 85. Jirgin yana gidan tarihin ƙananan jirage na AMA a garin Muncie na jihar Indiana, da jar ledarsa da farfelarsa ta katako.